Tekun Barbados a Idon Mai Jinya: Me Ciwo Ya Sauya a Zanen MacDonald?

Kawuna ya fi shekara talatin yana rubuta allunan shaguna a Garwa. Masu aski, masu ɗinki, masu sayar da kayan gyaran babur, duk sun san ƙofar gidansa. Amma abin da ya fi so shi ne bayan manyan motocin da ke jigila tsakanin Ngaundare da Kusiri, domin a nan ne direba ke sakar masa mara ya yi yadda ya ga dama: kogi, giginya biyu, rana tana faɗuwa, sannan a ƙasa ya ja haruffa, Allah ya kiyaye hanya. Bara waccan, cikin zafin bazara, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Allah ya sa da sauran kwana. Yanzu yana takawa da sanda, hannun dama lafiya lau, kuma ya koma zane a zaure, a kan guntayen katakon da wani kafinta maƙwabcinmu ke ajiye masa.

Abin da ya dame ni shi ne bakin masu zuwa dubiya. Duk abin da ya zana, ciwo suke gani a ciki. In ya rage kala, su ce ƙarfi ne ya ƙare. In ya zana ruwa kwance, su ce, Allah sarki, ya saduda. Wata gwaggonmu har hawaye ta yi a kan wani allo da na san sarai irinsa ya yi wa wata motar shanu tun ina firamare. Wannan ne ya sa na maƙale wa labarin wani mai zanen Kanada, J. E. H. MacDonald, wanda shi ma ciwon shanyewar jiki ya taɓa, ya tafi jinya tsibirin Barbados a farkon 1932, ya dawo da ƙananan zane-zanen teku. Abin da ake yi wa Kawu a zaure, shi ake yawan yi wa waɗannan zane-zane: ana duban su, ana hango kabarin mai su.

An haifi James Edward Hervey MacDonald a Durham ta Ingila a 1873, iyayensa suka ƙaura da shi Kanada a 1887. Bai shigo zane ta ƙofar manyan makarantun Turai ba. Ta maɗaba'a ya shigo. Ya yi shekaru yana tsara haruffa, bangon littattafai da takardun talla a kamfanin Grip da ke Toronto, ya je Landan ya yi irin wannan aiki daga 1903 zuwa 1907, ya dawo Grip ya zama babba a sashen zane. A ƙarƙashinsa Tom Thomson ya yi aiki, wanda daga baya sunansa ya fi na maigidan nasa tashe. Sai a 1911, yana dab da shekara arba'in, MacDonald ya ajiye aikin albashi ya rungumi zanen daji da tsaunuka, da mata da ɗa a wuyansa.

A Janairun 1913 shi da abokinsa Lawren Harris suka tsallaka Buffalo ta Amurka kallon baje kolin masu zanen ƙasashen arewacin Turai. Suka ga yadda mutanen Suwidin da Norwe ke zana ƙanƙararsu da dazukansu ba tare da kwaikwayon Faransa ko Holan ba, suka ce ashe Kanada ma za a iya yi mata haka. Daga wannan buri ne aka samu ƙungiyar da ake kira Group of Seven, wato 'Yan Bakwai, wadda ta fara baje kolinta a Toronto a 1920: MacDonald, Harris, A. Y. Jackson, Arthur Lismer, Frederick Varley, Franklin Carmichael da Frank Johnston. Thomson bai ga wannan rana ba, ya rasu a tafkin Canoe a Yulin 1917, kuma cikin watannin da suka biyo baya MacDonald kansa ya kwanta ciwo sosai. Ke nan jinyar 1932 ba ita ce ta farko a rayuwarsa ba.

Sai an gane irin kayan da waɗannan mutane suka ɗora wa kansu kafin a gane zanen Barbados. Ba kyan wuri kaɗai suke nema ba, so suke su nuna wa mutanen Kanada fuskar ƙasarsu. Kowane dutse da kowace bishiya a allonsu tana ɗauke da wata da'awa. Sun sha zagi a kai. Lokacin da MacDonald ya fito da The Tangled Garden a 1916, zanen lambun gidansa na Thornhill da furanni suka cukurkuɗe a ciki, wani mai sharhi a jarida, Hector Charlesworth, ya zarge shi da watsa wa jama'a fenti a fuska. A 1918 da 1919 suka riƙa shiga yankin Algoma, gabas da tafkin Superior, cikin taragon jirgin ƙasa da aka mayar musu ɗakin kwana, a ajiye su a gefen layin dogo su yi kwanaki suna zane. Daga nan ne manyan ayyukansa suka fito, irin su The Solemn Land na 1921: tsaunuka masu duhu, gajimare mai nauyi, ruwa can ƙasa a matse tsakanin duwatsu. Zane ne da in ka tsaya gabansa kake jin kamar an ce maka ka rage murya.

Ya soma koyarwa a kwalejin zane ta Ontario a 1921, ya zama shugabanta a ƙarshen shekarun 1920. Wanda ya taɓa riƙe makaranta ya san abin da wannan ke nufi. Lokacin zanensa ya koma hutun ƙarshen shekarar karatu, kuma daga 1924 zuwa 1930 kowace shekara tsaunukan Rocky yake tafiya, wajen tafkin O'Hara. A Nuwamban 1931 ciwon ya same shi.

A wancan zamani likita ba shi da abin da zai ba mai irin wannan ciwo in ban da shawara. Magungunan hawan jini da ake sha yau da kullum sai a ƙarshen shekarun 1950 suka soma samuwa, na'urar ɗaukar hoton cikin ƙwaƙwalwa kuwa sai shekarun 1970. Abin da ya rage shi ne hutu da sauyin iska. Ba kuma shirme ba ne gaba ɗaya, don sanyi na tsuke jijiyoyin jini ya ɗaga bugunsa, Toronto kuma a Janairu daskarewa take yi. Barbados ta daɗe da suna a wannan fanni. Tun 1751 George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, yana saurayi, ya raka yayansa Lawrence can neman sauƙin tarin fuka. Lawrence bai warke ba, ya rasu shekara mai zuwa, shi kuma George ya kwaso agana. Duk da haka sunan tsibirin bai ɓaci ba, Turawa suka ci gaba da tura marasa lafiyarsu. MacDonald da matarsa Joan suka hau jirgin ruwa a farkon 1932, suka yi kamar wata uku a can.

Yawancin zane-zanen da na gani daga wannan tafiya fasalinsu ɗaya. Rairayi a ƙasa. Farar kumfa. Sai kore mai haske, sai shuɗi, sai shuɗi mai duhu can nesa, sannan layi ɗaya miƙaƙƙe inda ruwa ya haɗu da sama. Gajimare fari a sama. Wani lokaci bishiyar kwakwa ko baƙin dutse a gefe. Shi ke nan. In ka ajiye ɗaya kusa da zanen Algoma, sai ka rantse ba hannu ɗaya ba ne. Daga nan fassarar da ta fi sauƙi ke shigowa: mutum ya raunana, shi ya sa zanen ya ƙanƙance ya yi shiru, ya ji mutuwa ta matso, shi ya sa ya zuba wa bakin sama ido.

Batun ƙanƙanta shi ya fi saurin faɗuwa. Ɗan allon da ya yi amfani da shi, mai kamar santimita 21 da 27, shi ne ma'aunin da shi da abokansa suka saba ɗauka daji tun fil azal, saboda yana shiga akwatin fenti. Al'adarsu ce su zana ƙarami a wurin, nan take, sannan in an koma ɗakin aiki a zaɓi wasu a mayar da su manya. Na Algoma haka suke, na tsaunukan Rocky haka suke. Wanda ya auna ƙaramin allon Barbados da babban yadin The Solemn Land ya ce ga alamar rauni, ya auna mudu da buhu ne.

Batun ciwon kansa ya fi wannan zurfi, don gaskiya ne shanyewar jiki na iya shiga cikin zane, kuma na gan shi da idona. Makonnin farko bayan an sallamo Kawu, in aka ajiye masa tuwo sai ya cinye na ɓarin dama na kwanon ya ce ya ƙare. Sai matarsa ta juya kwanon, ya ga saura, ya yi mamaki. Idonsa na gani, ƙwaƙwalwar ce ta daina lissafa hagu. Allon farko da ya zana, komai ya tattaru a dama, hagu farin katako. Likitoci sun san wannan, yana biyo bayan rauni a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa. Akwai wani mai zanen Jamus, Anton Räderscheidt, da ciwon ya kama a 1967, ya riƙa zana fuskarsa a madubi wata bayan wata. A na farko rabin fuskar babu, a hankali take dawowa cikin na baya. Wani Bajamushen, Lovis Corinth, nasa ya same shi a Disamban 1911, kuma har yau masana na ja-in-ja kan ko sakin hannun da aka gani a aikinsa na baya daga ciwon ne ko kuwa can dama ya nufa.

To, wannan ita ce irin shaidar da ake nema, kuma ban gan ta a tekun MacDonald ba. Layin bakin sama yana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan ba karkata. Hagu da dama duk a cike. Ga kuma hujjar da ta fi ƙarfi: bayan ya koma gida, cikin wannan shekara ta 1932, ya zana manyan yadudduka na tsaunuka, ciki har da Goat Range, Rocky Mountains, wanda ke gidan adana zane na McMichael a Ontario, ya kuma koma kujerarsa ta makaranta. Hannun da ya iya wannan ba gazawa ce ta sa shi taƙaitawa a bakin teku ba.

Mu nan muna da wata fahimta da mai kallo a Toronto ba shi da ita, domin hasken da ya zo wa MacDonald baƙo, mu a cikinsa aka yanke mana cibiya. Barbados na kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, kusan layi ɗaya da tafkin Chadi, Injamena kuma na kan 12. Toronto tana wajen 44. A ƙarshen Janairu, da tsakar rana, rana a Toronto ba ta wuce digiri 29 daga ƙasa ba; a Barbados tana wajen 59, kuma kafin Afrilu ya ƙare tana tsaye cak a tsakar ka. Rana mai ratsowa daga gefe tana ja wa kowane abu doguwar inuwa, ta fito da ƙusoshin dutse da kwarin tsauni. Da irin wannan haske aka gina zanen 'Yan Bakwai kaf. Rana ta tsakar ka kuwa inuwa take haɗiyewa. Ka fita bakin Binuwai da azahar a watan Maris ka duba: yashi fari fat, ruwa shimfiɗe, tsallaken kogi kamar an ja shi da alli, babu tudu babu kwari a ido. Duk mai zanen da ya zauna gaban irin wannan, mai lafiya ne ko majinyaci, in dai yana bin abin da idonsa ya gaya masa, shimfiɗaɗɗun launuka zai fitar.

Launin ruwan ma yana da dalilinsa. Ruwa yana shanye jan haske da wuri, ya bar shuɗi ya nutsa. Barbados tsibiri ne na farar ƙasar murjani, kuma ba ta da manyan koguna masu kwararo laka cikin teku. Inda ruwa bai da zurfi, haske na sauka kan farin rairayi ya dawo kafin a gama shanye shi, sai ka ga kore mai haske. Inda ƙasa ta zurma, ba abin da ke dawowa sai shuɗi mai duhu. Kamar aikin marina ne: tsomawa ɗaya a baba ta ba ka shuɗi mai haske, tsomawa goma ta kai ka bakin baƙi, alhali rini ɗaya ne a karofi ɗaya. Ratsin da ke allon MacDonald taswirar zurfin ruwa ce. Ni da na fara ganin teku a Kribi, bayan kwana a jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde da wata doguwar tafiyar mota, na ɗan ji an cuce ni, don ban ga wannan launi ba. Koguna na zuba a wajen, ruwan ya fi kama da na madatsar Lagdo in an kaɗa shi. A Limbe kuwa rairayin ma baƙi ne, na dutse mai aman wuta.

Wannan koren ma ba a Barbados ya fara cin karo da shi ba. Tafkin O'Hara, inda ya yi hutu bakwai a jere, ruwansa kore ne mai ratsin shuɗi saboda garin dutse da ƙanƙarar tsauni ke niƙawa tana zubawa ciki. Wanda ya bi zanensa na tsaunuka shekara bayan shekara zai ga yana ta rage kaya: itatuwa na raguwa, dutse na komawa faffaɗan fili mai launi ɗaya, sama na ƙara faɗi. Hanyar da ya bi ta kai shi tekun nan tun 1924 ya hau ta. Ko teku ma ya taɓa zanawa, a gaɓar Nova Scotia a 1922.

Bari in ɗan ratse, don akwai abin da ya ba ni dariya da na gano shi. Ƙurar da ke hana mu ganin ƙarshen titi lokacin hunturu, wadda kwarin Bodele na arewacin Chadi, tsohon gindin babban tafkin da ya ƙafe, ke cikin manyan masu tayar da ita a duniya, tana tsallake tekun Atlantika. Tun tsakiyar shekarun 1960 masana ke tarar ƙurar Sahara a gabashin Barbados suna aunawa. Sai dai ta fi isa can a tsakiyar shekara. A watannin hunturunmu iska ta fi karkata da ita kudu, wajen Amazon. Ke nan watannin da MacDonald ya yi a tsibirin, lokacin raninsu, sun faɗo daidai sa'ad da samansu ya fi wankuwa, mu kuma muna nan muna tari da shafa man kaɗanya a leɓe.

Ranar da na kai wa Kawu hotunan a waya, ban gaya masa komai game da mai su ba. Ya karɓa da hannun dama, ya ɗora wayar a gwiwa, ya sa ni in buɗa masa hoton ya ƙara girma. Ya daɗe yana kallon inda kumfa ta haɗu da koren ruwa.

"Wannan mai rubutun allo ne," in ji shi.

Na ce, "Kawu, ta ina kuka gane?"

"Kai ɗan nan, dubi nan. Ja ɗaya ya yi, bai koma ba. Wanda ya koyi zane a makaranta shafa yake yi, ya dawo ya gyara, ya sake shafawa. Mu in ka ja harafi ka koma kansa, ka ɓata. Kuma ka ƙirga kalolinsa, ba su kai yatsun hannu biyu ba. Wanda ya saba a ce masa kala uku za a biya, shi ke iya wannan."

Na ce masa ai majinyaci ne lokacin da ya yi su. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "To, sai me?"

Ban ce Kawu ya warware komai ba, amma ya sa yatsa a inda ya dace. Shekarun da MacDonald ya yi a maɗaba'a sun koya masa raba fili gida-gida, da sanin nawa za a cire kafin abu ya daina zama kansa. A Algoma wannan horo yana nan, amma ganye da duwatsu da burin gina ƙasa sun lulluɓe shi. Teku ba ta da abin lulluɓi.

Duk da haka ba zan bi Kawu har ƙarshe in ce ciwo bai taɓa komai ba. Ya taɓa, ta wata ƙofar da ba a cika dubawa ba. Mai zanen daji da ƙafa yake zane kafin hannu: inda ya iya kaiwa ya tsaya, shi ne abin da za a gani. A O'Hara MacDonald hawa yake yi, ya leƙo tafki daga sama, shi ya sa ruwa ke zama ɗan yanki a ƙasan allo, tsauni ya cinye sauran. Mai jinya ba ya hawa. Yana samun inuwa ya zauna, kuma wanda ke zaune a bakin gaɓa idonsa dab da ruwa yake, duniya ta rabe masa biyu, sama da ƙasa. Haka Kawu: da can yana tsaye kan tsani a bayan mota, yanzu iyakar duniyarsa abin da ƙofar zaure ta yanko masa, katangar maƙwabta da bishiyar dalbejiya, sai abin da ya tuna.

Sannan jinya ta ba shi abin da ya yi shekara goma bai samu ba, wato wata uku babu ɗalibai, babu taron malamai, babu takardun ofis. Ta kuma sauke masa kayan Kanada. Ba wanda ke jiran ya fassara masa ruhin Barbados, ba ɗan jaridar da zai auna ko wannan igiyar ruwa ta cika 'yar ƙasa. A watan Disamban 1931, yana cikin ciwo, 'Yan Bakwai suka yi baje kolin da ya zama na ƙarshe a gare su, yaƙin da suka faro an riga an ci shi. A ganina sauƙin da mutane ke ji a waɗannan alluna, wanda suke kira sallamawa, ya fi kama da numfashin ɗan dako da aka sauke wa kaya. Mutum ne da ya iya aikinsa, yana yin sa ba don ya gamsar da kowa ba, wataƙila karo na farko tun da ya bar Grip.

Akwai wani gefen da ba na jin daɗinsa, kuma ba zan tsallake shi ba. Tsibirin da ya ba shi wannan hutu ba aljanna ba ce ga masu shi. Barbados, mai faɗin murabba'in kilomita 430 kacal, a lokacin tana hannun Ingila tun 1627, an gina ta a kan rake da bayin da aka kwaso daga yammacin Afirka. An soke bauta a 1834, amma gonakin suka ci gaba da zama a hannun tsirarun da suke da su. A 1932 karyewar tattalin arzikin duniya ta rugurguza farashin sukari, masu saran rake na cikin baƙar wahala. Shekara biyar bayan tafiyarsa, a Yulin 1937, tarzoma ta ɓarke a Bridgetown, babban birnin ƙasar, bayan an kori mai fafutukar haƙƙin ma'aikata Clement Payne daga tsibirin, mutum 14 suka mutu. Wanda ya juya fuska ga teku ya juya wa duk wannan baya. Ba laifin majinyaci ba ne ya nemi inda idonsa zai huta, kuma shi mai zanen wuri ne, ba na mutane ba. Amma ɗabi'ar tsohuwa ce: an daɗe ana sukar 'Yan Bakwai da zana arewacin Kanada tamkar ba kowa, alhali ƙasar Algoma ta Anishinabe ce, 'yan asalin wurin, tun kafin zuwan layin dogo. Mun san irin wannan kallo. Baƙo ya zo Rumsiki ya ɗauki hoton tsaunuka, ya jira mai ɗauke da itace ta wuce kafin ya danna.

Wani abin mamaki, wannan rashin mutane shi ne ya sa Kawu ya sake da zanen. Shi tun yana yaro malaminsa ya gargaɗe shi kan zana mai rai, duk kawunan da ya yi wa masu aski da ɗar-ɗar ya yi su, yana cewa neman abinci ne. Ruwa da sama da bishiya kuwa ba wanda zai tambaye shi. Abin da na gani a matsayin giɓi, shi tsarki ya gani.

Saura batun mutuwa. MacDonald ya koma Toronto da alamun sauƙi, ya yi zane, ya koma aiki, ciwon ya sake bugunsa a Nuwamba, ya rasu ran 26 ga Nuwamban 1932 yana da shekara 59. A shekarar da ta biyo baya ƙungiyar ta watse, aka kafa wata mai faɗi a madadinta. Saboda mun san wannan ne muke karanta bankwana a kowace igiyar ruwa. Shi a Fabrairu bai san Nuwamba ba. Warkewa ya je yi, ya kuma dawo ya ɗauki manyan ayyuka kamar mai sa ran shekaru. Mai zanen Faransa Henri Matisse ya je tsibirin Tahiti a 1930, aka yi masa babban aikin tiyata a 1941, ya koma yanka takardu masu launi da almakashi, a 1946 ya fitar da tekun Oseaniya da ya riƙe a ka shekara goma sha shida. Shi ya rayu har 1954, don haka ake kiran nasa sabuwar rayuwa. Da MacDonald ya samu waɗannan shekaru, da allunan Barbados sun zama mafarin wani babi, kuma ba ɗigon fenti ɗaya da zai sauya a jikinsu.

Kwana biyu bayan hirarmu na tarar Kawu ya sa an jingina masa wani dogon guntun katako a bango. Ya raba shi gida huɗu a kwance da zaren da ya shafa wa alli, irin yadda yake yi kafin ya ja haruffa. Ya ce Lagdo yake so ya yi, yadda ya gan ta wata safiya da suka kai wa masunta allo, kafin iska ta tashi. Na tambaye shi ko zai sa kwalekwale. Ya ce sai ya gani. Sannan ya miƙo mini gwangwanin farin fenti, ya ce ya bushe, in biya kasuwa in sayo ƙarami, kada kuma in bari yaron shagon ya ba ni na ruwa, na mai yake so.